Siracen Inna

Shekarun baya, a shekarar da rana ta yi kusufi har kaji suka nufi akurki da hantsi, mahaifiyata ta kamu da tari mai kaki wanda ya ƙi jin magani. An sha ƙwayoyi, ni ma na yi rubutu an wanke mata, abin yana nan. Daga Daura aka tura mu Kano. Likita ya ce ƙwayoyin cuta ne suka zauna a huhunta, ya haɗa mu da wata 'yar na'ura mai mayar da ruwan magani tururi. Za ta ɗora murfin roba a hanci da baki ta shaƙa, safe da yamma. In ba a ga sauƙi ba, sai kwanciya asibiti da allurai, abin da ta ce gara a bar ta ta cika a ɗakinta.

Na'urar nan wutar lantarki take so, unguwarmu kuwa sai a yi kwanaki ba a gan ta ba. Maƙwabcinmu tela shi ke da janareta. Ɗan'uwana ne na shan nono, domin mahaifiyarsa ta rasu yana jariri, tawa ta shayar da shi. Ya jawo waya ta kan katanga, ya ce kada in sake in yi masa zancen mai.

Ni ɗan fari ne. Mahaifiyata ba ta taɓa faɗar sunana ba, ba ta kuma yarda mu zauna ɗaki ɗaya mu daɗe. Saboda haka daga bakin ƙofa na yi mata bayani, kaina a sunkuye, ta ce ta ji. Kullum in zuba maganin, in miƙa ta bayan labule, in koma zaure da carbina ina sauraron gurnanin na'ura, ina ganin na cika ɗa.

Kwanaki suka tafi, tari bai ragu ba. Na zargi maganin, na zargi janareta. Da tela ya ji an taɓa janaretansa, sai ya ajiye almakashi ya ce bari ya gani da idonsa. Shi babu kunyar nan tsakaninsu, sallama kawai ya yi ya ɗaga labule. Ina biye, na tsaya a inda na saba.

Ya tarar da ita ta lulluɓa da bargo ta durƙusa, murfin robar yana cikin ƙwarya a gabanta yana ta fitar da tururi.

"Inna, me nake gani haka?"

"Sirace nake yi, ɗan nan. Tun ba a haife ka ba na iya."

Ya ce wannan ba tafasasshen ganyen darbejiya ba ne, duk maganin Kano bargo ne ya shanye, shi ya sa bargon bai taɓa tari ba. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce ai wancan, wato ni, da bango ya yi maganarsa.

Daga ranar, safe da yamma tela yake barin ɗinki, ya zauna gabanta ya riƙe mata murfin a fuska, yana tsokanarta har maganin ya ƙare. Sannu a hankali kakin ya washe, numfashi ya daidaita. Da muka koma, likita ya ce babu batun kwanciya. Alhamdu lillahi.

Har yau ban ga laifin kunyar da aka rene mu da ita ba. Sai dai na fahimci jinya tana son wanda zai ɗaga labule.

Ranar da ya zo naɗe wayarsa, ta kira shi ciki. Ina jin ta daga ƙofa.

"Ɗan nan, nonon da ka sha, ka biya. Ba na bin ka komai."

Ya ce shi bai yarda ba, da saura. Ta ce ta riga ta faɗa, ya tashi ya koma kan kekensa, mutane na jiran kayansu.