Ƙarshen da Rabi Ta Ƙi Rubutawa

Rabi Gidaɗo ba ta taso da burin rubuta littafi ba. Sana'arta ɗibar jini. Tun shekarar 2016 da ta baro Kano take aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani ƙaramin asibiti a unguwar Al Nahda, a wata ƙasar Larabawa, tana ɗaure damatsan mutane da roba, tana lallashin manyan maza su kau da kai daga allura. Shekarunta talatin da biyu lokacin da ta zo. Ta yi aure sau ɗaya, ya mutu ba faɗa ba haihuwa, kuma duk wanda ya tambaye ta dalili sai ta ce zama ne ya ƙare.

A unguwar Al Muraqqabat take kwana, su shida a fulat ɗaya, gado kan gado. Kullum da safe ta gangara tashar Al Rigga, ta hau jirgin ƙasa, ta sauya wani a tashar Union, ta sauka ta ƙarasa da ƙafa. Ba ta da yawan magana, ba ta shiga sabgar kowa. 'Yan ɗakinsu sun ɗauke ta ustaziya saboda ba ta wasa da salla.

Kitso ne ya kai ta wurin Hamamatu. Shagon kitson yana saman wani wurin canjin kuɗi, kuma Hamamatu, 'yar Zangon Kumasi, ita ce mai hannu a cikin makitsan. Doguwa ce, mai dariya da ƙarfi, Hausarta kuwa ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta. Ranar farko Rabi ta yi ta danne dariya. Daga nan ta riƙa zuwa duk bayan mako uku, ya koma biyu, ya koma duk Juma'a. Wata rana Hamamatu ta duba kan, ta ajiye tsinken kitso.

"Kitson nan bai tsufa ba," in ji ta. "Faɗa mini abin da ya kawo ka."

Rabi dai ba ta tashi ba.

Shekara uku suka yi tare. Abin da suke da shi bai da yawa: yammacin Juma'a a bakin ruwan Deira, shiga kwale-kwale su haye su dawo ba don suna da inda za su ba, shinkafa da wake da Hamamatu ke dafawa a tukunyar lantarki ta zuba yaji har Rabi ta yi hawaye. A idon jama'a ƙawaye ne. Dukansu sun san dokar ƙasar da suke ciki, sun kuma san ta gida ba ta fi ta sauƙi ba. Akwai lokacin da Rabi ta ɗauke ƙafa wata biyu cur, ta yi ta azumi, ta goge lambar. Ta koma da kanta. Sallarta ba ta bari ba, Hamamatu ma ba ta bari ba, kuma ta daina jiran ranar da ɗaya zai kori ɗaya daga zuciyarta.

Sai korona ta zo. Aka rufe shagon, mai shi ya soke bizar ma'aikatansa. Hamamatu ta yi wata biyar tana neman wani aikin, ba ta samu ba. A watan Satumba na 2020 ta koma Kumasi. Ranar tafiyar Rabi tana bakin aiki, cikin rigar leda, tana zura wa mutane tsinke a hanci tun safe, layi har waje. Ko rakiya ba ta samu yi ba.

Bayan mako biyu ta fara rubutu, a waya, a tsaye cikin taragon mata. Da farko ba labari ba ne, tana rubuta abubuwa ne don kada ta manta: ƙanshin man da Hamamatu ke shafa wa gashi, yadda take tauna zare in tana fushi. A hankali abin ya yi kai da ƙafa. Ta sauya sunaye, ta mai da kanta malamar makaranta, ta bar garin ba suna. Kitson dai ta ƙi cirewa.

Tana cikin wani zauren marubuta mata na waya, inda ake sakin littafi shafi-shafi. Shekara huɗu tana karatu a ciki ba ta taɓa tofa komai ba. Shugabar zauren, Anti Jummai, malama ce a Kaduna, ta rubuta littattafai sun fi ashirin, kuma kowace sabuwar marubuciya a hannunta take gogewa. Rabi ta ɗauki sunan aro da layin da ba wanda ya san ta da shi, ta fara saki. Shafuka goma na farko aka yi ta yabo. Mata suka ce sun daɗe ba su ga labarin aminci irin wannan ba. A shafi na sha ɗaya malamar ta kama hannun mai kitso ta ƙi saki, ta faɗa mata abin da ke ranta, kuma babu sauran yadda za a karanta shi a ce ƙawance ne.

Zauren ya kama da wuta. Wasu suka yi ta jero a'uziyya, wasu suka ce an zo ɓata musu 'ya'ya. Anti Jummai ta rufe zauren, ta kira Rabi lokacin hutun cin abinci. Ba ta zage ta ba. Ta ce alƙalaminta mai kyau ne, ta ce an sha rubuta labarin maɗigo a zauren nan, ba sabon abu ba ne, amma akwai yadda ake yi. Dole ƙarshe ya zama izina. Ko ɗaya ta haukace, ko wata muguwar cuta ta kama ta, ko mota ta kwashe su, wadda ta saura ta tuba ta yi aure. In Rabi ta amince, ita da kanta za ta sanar cewa faɗakarwa ce, a yi haƙuri a jira ƙarshe.

Rabi tana zaune a kan matakalar bayan asibiti, da burodin da ba ta ci ba a cinyarta.

"Anti, ba zan kashe su ba," ta ce.

"'Yar nan, labari ne fa. Ke kika ƙirƙire su."

"Ɗaya tana Kumasi, yanzu haka tana yi wa wata kitso a tsakar gida. Ɗayar ce take magana da ke. Ba wadda ta haukace, ba wadda mota ta kaɗe. In na rubuta haka na yi ƙarya, kuma ƙaryar a kaina zan yi ta."

Anti Jummai ta ce ba ta ji wannan maganar ba, kuma don Allah kada Rabi ta sake faɗa wa kowa, ba a ƙasar da take ba. Kafin la'asar an cire ta daga zauren. Sirrin dai matar ta riƙe.

Da Rabi ta koma kan kujerarta sai ta nemi abokiyar aikinta ta karɓar mata mutum biyu. Ta san abin da ta furta zai iya raba ta da aiki, da biza, da abin da ya fi su. Amma a jirgin komawa gida ta buɗe waya ta ci gaba da shafi na sha biyu.

Mata goma sha tara suka biyo ta ta bayan fage, kowace da nata salon. Wata ta ce 'yar'uwarta ce take son gani, wata ta ce tana so ne kawai ta san iyakar lalacewar. Rabi ba ta tambayi kowa dalili ba, ta riƙa tura musu shafukan.

Hamamatu ba ta iya karanta Hausar boko sosai, don haka Rabi take karanta mata da murya ta waya. Ba ta yi kukan da Rabi ta zata ba. Faɗa ta yi. Ta ce an mai da ita wata salihar baiwa mai magana a hankali, alhali ita ta taɓa jifan Rabi da mataji. Ta ce a sa wannan. Ta kuma sa aka cire wurin canjin da ke ƙasan shago, don duk wanda ya zauna Deira zai gane. Rabi ta sake babi huɗu saboda ita.

Abin da ba ta cire ba shi ya tona ta. Ta sa wa mahaifiyar malamar wata al'ada ta tasu uwar, ta ɗaura allura a bakin zane kullum wai don kada a rasa. Shafin ya yi yawo daga waya zuwa waya har ya isa hannun ƙanwarta Asama'u a Kano. Asama'u ta kira ta da safe.

"Yaya Rabi, ki ce mini ba ke ba ce."

Rabi ta ce ita ce. Asama'u ta yi kuka, ta roƙe ta ta goge, ta ce ta tuna da Inna da hawan jininta, ta tuna ita ma tana da 'ya'ya mata da za a yi wa gori. Rabi ta saurare ta har ta gama. Ta ce za ta cire allurar saboda Inna, a yau ma. Littafin kuwa yana nan.

"Shekara nawa ina yin shiru don kowa ya ji daɗi, Asama'u. Ban ce ki karanta ba, ban ce ki yarda ba. Amma ba zan goge kaina ba."

Asama'u ta kashe wayar. Ba ta faɗa wa kowa a gida ba, ba ta kuma sake kira ba. Rabi tana tura mata gaisuwa duk Juma'a, tana ganin an buɗe, ba amsa. Wannan ya fi zagin zauren yi mata ciwo, kuma ba ta ɓoye wa kanta hakan ba.

Ta kammala littafin bayan babbar sallar 2021. A babin ƙarshe matan biyu sun tsufa, suna musu a kan wadda ta bar ƙofa a buɗe akuya ta shiga ta cinye alayyafo. Masu karɓa sun kai ɗari uku lokacin. Tsinuwa ta zo da yawa. Amma akwai wata mata daga Damagaram, mai jikoki, da ta turo murya tana raɗa, ta ce ta yi zaton ita kaɗai Allah ya yi haka, shekara arba'in ke nan. Rabi ta saurara sau ɗaya, ta goge kamar yadda matar ta roƙa.

A watan Oktoba ta nemi hutun shekara. Shugabar sashensu, wata 'yar Kerala, ta ga tikitin Accra, hanyar zuwa Kumasi, ta tambaya ko ba 'yar Najeriya ba ce. Rabi ta ce e, 'yar Najeriya ce. Daga nan Rabi ta ja takardar hutun, a gurbin dalilin tafiya ta rubuta ziyarar iyali, ta sa hannu, ta koma ta kira mai bi a layi.