Doyarka, Kyaftin!

Duk wanda ya zauna a Tungan Maje a shekarun da wayar salula ta fara shiga aljihun talaka ya san Zacharias mai gidan kallo, wanda ake kira Zaka. In ma bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don har bakin titin Gwagwalada ake jiyo lasifikarsa. Gajere ne, siriri, sai uban baki. Ɗan Gbagyi ne daga wani ƙauye a bayan Bwari. Ya yi sakandare, ya yi kwandasta tsakanin Zuba da cikin gari, a nan ya tsinci Hausa da Turanci, masu kyau da na banza. Da ya gaji da rataya a ƙofar bas sai ya kafa rumfar langa-langa, ya jera bencina, ya sayo talabijin da ɗan janareta.

Ƙwallo kowa na nunawa. Abin da ya fitar da Zaka daban shi ne wani dogon shirin Turawa da yake sakawa da rana, Asabar da Lahadi: jirgi yana yawo tsakanin taurari, da kyaftin mai idon ƙarfe, da wasu halittu masu kan ƙadangare da ke cin mutane. Zaka ya tsaya gefen talabijin da makirfo yana fassarawa. Mata da yara da 'yan acaɓa, rumfa ta cika maƙil.

To, kyaftin ɗin nan bakinsa ba linzami. Ko ruwa zai nema sai ya haɗa da ashar. Ga kuma jini: a fille kai, a farke ciki, kamar mahauta ranar kasuwa. Zaka kuwa ya san yaran da ke zaune a gaba, ya san iyayensu, sai ya fito da dabararsa. In jinin mutum ya zuba ya ce, "Ayya, manja ya ɓare!" In na ƙadangarun ne, da yake kore ne, ya ce, "An zubar da miyar kuka!" In abin ya wuce misali, akwai faifai rataye a ƙusa, sai ya kare fuskar talabijin da shi ya ce kyaftin yana yanka rago, a ba shi wuri.

Ashar ɗin ne ya ba shi wahala, sai da wata rana bakinsa ya suɓuce. Kyaftin ya ɗura wa wani ƙadangare zagi, Zaka ya waiga waje ya ga tulin doya a bakin hanya, ya ce, "Ya ce, doyarka!"

Wayyo, dariya har da masu faɗowa daga benci. Kafin wata ya ƙare kalmar ta fita daga rumfa ta shiga gari. Ɗan acaɓa ya sha gaban ɗan'uwansa, "Doyarka!" Yara na faɗa a bakin famfo, "Doyar gidanku!" Zaka har taƙama yake yi, wai ya wanke bakin unguwa.

Ya manta abu ɗaya. Tulin doyar da ya gani na Juliet ne, yarinyar da yake so kamar ransa, kuma ubanta, Baba Solomon, manomin doya ne, dattijon coci, wanda ba a cika ganin haƙoransa ba. An riga an sa ranar da dangin Zaka za su kai gaisuwa.

Wata Juma'a Juliet ta shigo rumfa ko sallama babu.

"Zaka, ka kashe mu. Jikokin Baba sun yi faɗa a gabansa, ƙaramin ya ce wa babban doyarka. Baba ya tambayi inda suka samo."

"Sai suka ce?"

"Sai suka ce me? Wa ke da lasifika a garin nan? Ya ce wanda ya mai da doya abin zagi ba zai taka masa gida ba. Ranar Lahadi zai zo ya ji da kunnensa."

Zaka ya rantse wa Juliet ko za a yanka shi kalmar ba za ta sake fita daga bakinsa ba.

Lahadi bayan coci sai ga Baba Solomon da fararen kayansa da sanda. Aka matsa masa a bencin gaba. Kuma don rashin sa'a, ranar ce ƙadangaru suka fasa ƙofar jirgin. Faifai bai huta ba, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Kyaftin ya saki zagin farko, Zaka ya share gumi ya ce, "Kyaftin ya ce ransa ya ɓaci."

"Ƙarya ne!" in ji 'yan acaɓa. "Oga Zaka, ba haka ya ce ba!"

Ya saki na biyu. "Ya ce bai ji daɗi ba ko kaɗan."

Rumfa ta kaure da ihu. Baba Solomon dai ko motsi. Can babban ƙadangaren ya cafke ƙafar kyaftin, kyaftin ya juyo ya jero masa zagi kamar ruwan sama a kan kwano. Bakin da ya saba bai jira izini ba.

"Doyarka! Doyar ubanka! Doyar kakanka da ke cikin rumbu!"

Aka fashe da sowa. Zaka ya tsaya da makirfo a hannu, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Juliet, da ke leƙe daga ƙofa, ta ɗora hannu a ka.

Da aka watse, tsohon bai tashi ba. Zaka ya zo ya durƙusa.

"Baba, ka yi haƙuri. Ai Turancin nasa ne yake da wuya..."

"Rufe baki," in ji Baba Solomon. "Kana zaton ban ji abin da kyaftin ɗin ya ce ba? Lokacin da ake gina birnin nan, ni na ɗauki kwanon siminti a ka. Baturen da ke kanmu da kalmar nan yake gaishe ni kowace safiya. Sai da na daɗe kafin wani ya faɗa mini ma'anarta. Ranar ban iya cin abinci ba, don zagin uwa ne, kuma uwata tana raye." Ya dubi talabijin ɗin da aka kashe. "Tun daga lokacin ban sake jin ta ba sai yau. Kuma yau saura kaɗan in yi dariya a gaban yara. Gara jikokina su zagi doya da su san waccan."

Zaka ya ɗago kai a hankali.

"Amma doya ba ta yi maka komai ba," tsohon ya ci gaba, yana dogara sanda ya miƙe. "Ita ta raini yarinyar da kake nema. Ka canja."

"To Baba... gwaza?"

Baba Solomon ya yi ɗan tunani.

"Gwaza ma akwai masu nomanta. Amma su ba surukanka ba ne."

Ya fita abinsa. Zaka na durƙushe yana juya maganar, sai da tsohon ya kai bakin titi sannan ta shige shi. Ya zabura ya fizgo makirfo, ya manta lasifika a kunne take, duk Tungan Maje ta ji shi yana ƙwala kira: "Juliet! Juliet! Kin ji abin da ya kira kansa?"