Ƙullin Baba a cikin injin busar da kaya

Jama'a, yau Baba ya gaishe ni, shekara guda bayan rasuwarsa!

Kun san injin busar da kayan nan da Yaya ya aiko min daga Legas? Ya daina juyawa. Ga damina, ga jaririya, kayanta sun ƙi bushewa. Maigidana ya zaga Kano neman bel, wato robar da ke juya injin, kowa sai ya ce a kawo tsohon bel ɗin ya gani.

Sai na kira Malam Sule, mai gyaran injin ban-ruwa a nan Kura. Ya kwance bayan injin, ya leƙa, ya sake leƙawa.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Hajiya, wannan ai ba bel ba ne. Robar tayar keke ce!"

Ya zaro ta. Baƙa, an yanka ta siririya, an ƙulle bakin.

Ya ce, "Wallahi ƙullin mahaifinki ne. Haka yake ɗaure tiyo a gona, duk bakin kanal ɗin ban-ruwa babu mai irinsa."

Baba fa! Mutumin da kullum yake min tsiya, wai Allah ya ba mu rana kyauta na je ina ƙona man janareto. Ashe injin ya taɓa lalacewa, ya zauna ya gyara, bai gaya wa kowa ba.

Na riƙe robar, sai ga Baba a idona, a tsugune, hula a ƙeya, yana jan ƙulli da haƙori.

Malam Sule ya ce, "A jefar?"

Na ce, "Yanko sabuwa. Wannan tawa ce."