Katunan Abokan Shigeharu

Shekara talatin da ɗaya mijina Shigeharu ya yi yana huda tikiti a tashar jirgin ƙasa, da koren tauraro maƙale a rigarsa. Alamar masu Esperanto ce, yaren da aka ƙirƙira don duniya ta ji juna. Kowace yamma sai ya ture kwanon shinkafa ya hau rubuta wa abokai a ƙasashe goma sha bakwai.

Sau ɗaya na ce, "Baban Fumiko, ni ma koya mini mana."

Ya yi dariya. "Ke da jadawalin jirgi ke rikita ki? Zubo shayi dai."

Da ya rasu, na aika wa dangi da maƙwabta katin makoki, kada su yi mana gaisuwar sabuwar shekara. Abokansa na waje kuwa, ba ni da kalmar gaya musu. Ƙungiyarsu ta watse, 'yarmu Fumiko ba ruwanta.

Shekara uku ke nan katunansu na zuwa. Ina jera su gaban hotonsa in kunna turare. Yakan gaya wa baƙi cewa wata uku ya isa kowa ya iya yaren.