Ranar da Aka Daina Shelar Nauyin Jarirai

Har gobe ba zan manta da ranar da Ustaza Salwa ta zo ƙauyenmu daga garin Rufa'a ba. Hutun makaranta ne, ina aiki a ɗakin awon jarirai a ƙarƙashin Inna Hajjo, unguwarzomarmu. Ƙa'ida ita ce a sa yaro a ma'auni, a faɗi nauyinsa da ƙarfi, Inna ta rubuta. Karɓa-karɓa muke yi da wata yarinya mai ƙatuwar murya. Ni kuwa kullum sai Inna ta miƙo kunne: "Ɗiyata, ɗaga murya! Da tururuwa kike magana?"

Ustaza ma'aikaciyar lissafi ce. Uwaye ba sa zuwa a kan kari. Wata ta dawo da wuri, wata sai an gama cirar auduga. Aikinta shi ne ta haɗa awon kowane yaro, ta lura da tazarar da ke tsakani, ta zana yadda yaran gari ke girma. Zanenmu ya sunkuya ƙasa, har ana maganar ɗauke Inna Hajjo a kawo wata.

Ta daɗe tana kallon matan da ke jira, jabanarta, wato gahawar da aka kawo mata, ta huce ba ta kurɓa ba. Can ta ce, "Tazara ba ta dame ni ba, lissafi ya san da ita. Amma a bakin tura'ar da ke kai ruwa gonaki na ga jarirai ɓul-ɓul a bayan uwayensu. Me ya hana a kawo su?"

Wata tsohuwa, Habboba Ta-Sallah, ta tuntsire da dariya. "Ya Ustaza, in kawo jikana a yi shelar ƙibarsa gaban mata, baki ya kama shi? Sai ya rame muke kawowa. In ba ranar aikin waccan yarinyar ba," ta nuna ni da haɓa, "wadda ko ita ba ta jin kanta."

Na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur.

Ustaza ta ware awon ranakun da nake aiki daban, ta sake zane. Sai ga shi ya miƙe sama. Inna Hajjo ta juya wai tana gyaran mayafi, amma na ga ta share ido.

Ba a ɗauke ta ba. An daina shela, ni aka bar wa ma'auni. A ranar na gane cewa a aikin nan sanin yaushe mutum ya zo bai isa ba, sai ka san abin da ya kawo shi, da abin da ya hana ɗan'uwansa.

Yanzu ko sallama na yi, sai Inna ta ce, "Ɗiyata, rage murya, kar ki kore mana mata!"