Kwanon da Muka Ɓoye wa Kansil

Maƙwabcina ya sauke tsohuwar jinkar ɗakin awakinsa jiya, warin ruɓaɓɓiyar ciyawa ya cika layinmu. Ina shaƙa raina ya ɓaci, kuma ba da shi nake fushi ba. Da kakana nake, wanda ya daɗe a ƙasa, Allah ya jiƙansa.

A wani ƙaramin zango kusa da Salaga na tashi, a gidan laka mai rufin ciyawa. A shekarun nan na tamanin ne kansil ta fara turo mutane suna duba gidaje don yanka lampo, wato harajin gida. Ka ji yadda suke yi: mai ciyawa kaɗan zai biya, mai rufin kwano a ɗaga masa, wanda ya shafe bango da siminti kuwa ya shiga sahun masu kuɗi. Duk gyaran da ka yi wa gidanka, su ka gayyato. Ga kwatar unguwa tana nan yadda take, ba wanda ya zo ya haƙa.

Ɗakin kakata mace ya fi kowane yoyo. Da damina ta sauka sai ta jera kwanuka da roba a ƙasa, ta ja tabarma zuwa kusurwar da ta rage a bushe, tana fama da ciwon gwiwa. Baffana, mai fataucin shanu a Bawku, ya gani ya kasa haƙuri. Ya sayi kwanon rufi sabo fil ya aiko a motar kaya ta hanyar Yendi. Ranar da aka sauke, tsohuwa ta yi ta shafa shi da tafin hannu, tana gaya wa duk mai wucewa ɗanta ne ya aiko.

Sai Tsoho, haka muke kiran kakana, ya kawo dabararsa. A buga kwanon, amma a mayar da jinka a kansa, kada 'yan kansil su gani.

“Malam, ɗana ya yi mini rufi, kai kuma ka binne shi?” in ji kakata.

“Ke dai ba ruwa kike gudu ba? To ba zai taɓa ki ba. Sisina ba za su ci ba.”

Kafinta ya ce ciyawa za ta riƙe danshi, kwano zai yi tsatsa. Tsoho ya yi kunnen uwar shegu da shi. Mutum ne da in ya kafe, ko liman ya zo sai dai ya sha ruwa ya koma.

Abin haushin, babu wanda bai sani ba. Da mai duba gidaje ya zo, wani Bagwanje ne mai keke, ya ɗaga kai ya ga bakin kwano yana leƙowa ta ƙarƙashin ciyawa. Ya yi murmushi ya ce, “Baaba, wannan ciyawa naka yana walƙiya fa.” Amma ya rubuta ciyawa, ya hau kekensa. Tsoho ya yi wata guda yana ba da labarin yadda ya yi wa gwamnati wayo.

Damina kaɗan aka yi, maganar kafinta ta tabbata. Tsatsa ta fara daga bakin ƙusoshi, ta ci ta ci har ruwa ya samu hanya, jajaja da shi, yana ɓata wa kakata zannuwa. Kwanuka da roba suka dawo wurinsu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, kuma abin da Tsoho ya tsira da shi bai kai kuɗin fallen kwano biyu ba. Ba ta sake yi masa maganar ba. Sai dai ta hana a gaya wa baffana, don kada ransa ya sosu. A wannan kusurwar ta yi jinyarta ta ƙarshe, muna matsar da tabarma muna kwashe ruwa. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Yanzu ko ɗakin kaji da kwano ake rufa shi a zangonmu. Lampo na nan, ya ma ƙaru, kwata kuma ba a haƙa ba, kuma ni ma ina mita kamar kowa. Amma da na tashi rufa wa mahaifiyata ɗaki, jan kwano na zaɓa, wanda ake hangowa tun daga titi. Da yaron kansil ya zo, mahaifiyar tawa da kanta ta fito da sandarta ta nuna masa, ta ce ya rubuta da kyau, ɗanta ne ya yi.