Geron da Ya Ƙi Rabuwa

Karatuna na hisabi rabi ne, amma a Sule Tankarkar, zamanin da Nasara bai daɗe da zuwa ba, rabin nan ya ishe ni ɗaga hanci. Ni ke rabon watanda. In unguwa ta haɗu ta yanka sa da Sallah, ni ke kasa naman kashi-kashi, kuma tozo na mai rabo ne. Shekara tara ina cin tozo. Har nakan ce babu adadin da zai gagare ni rabawa.

Sai taubashina, ɗan kawuna na Maigatari, ya dawo garinmu da zama. Wata rana a gindin tsamiya, gaban dattawa, ya ce:

"Malam rabin allo, ɗauki ƙwayar gero ɗaya, ka yi ta ninkawa sau goma sha bakwai, ka jefa wa kaza ƙwaya ɗaya. Raba sauran kashi-kashi daidai, ko nawa ka ga dama. In ka gaza kafin Sallah, wuƙar watanda tawa ce."

Na ce, "Bawana, tanadi haƙuri."

Na share rairayi na ninka: dubu ɗari da talatin da ɗaya, da saba'in da ɗaya. Na kasa biyu, ƙwaya ɗaya ta yi saura. Uku, ɗaya. Biyar, ɗaya. Bakwai, har uku suka tsaya suna kallona. Wata biyu ina tsugune. Ɗan yatsana ya yi kanta, akuyata ta haihu ban sani ba. Shi kuwa kullum sai ya zo da gorubarsa ya zauna kusa da ni.

"Gwada sha uku, ɗan gwaggo. Jikina ya ba ni."

Biyar suka rage.

Da gwajina ya wuce kashi ɗari biyu, na hau jaki zuwa Gumel wurin malamin da na gudu daga hannunsa. Ya dubi adadin, bai ko taɓa alƙalami ba.

"Wannan ba ya rabuwa. Ko mutum ɗaya ya kwashe duka, ko kowa ya ɗauki ƙwaya ɗaiɗai. Ai da kaka wani ɗan Maigatari ya zo ya roƙe ni adadi mai taurin kai. Ya ce ɗan'uwansa zai kai wa tsaraba."

Tsaraba! Mutumin da na goya a bayana muna yara.

Na kai ƙara wurin dattawa, suka yi dariya har da hawaye. Wai taubashi ba ya laifi, wanda ya yi fushi shi ne ya faɗi.

Ranar Sallah taubashina ya kasa nama a karkace, wani kashin duk ƙashi. Shi ne rabona. Ya ɗaga tozon ya ce, "Shi ma ba ya rabuwa, Malam."

Ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. Na yafe masa geron. Tozon dai sai mun haɗu.